Ranar da Na Kira Sunansa

Kun taso kun tarar ana faɗi a unguwarmu ta Manfuha, nan Riyad, cewa kishina ne ya hana garinmu samun abin da zai tsare shi daga ɓarayin daji. Wasu a gabanku suke faɗa, wasu sai kun ba da baya. To na sa a rubuta wannan ne don ku ji daga bakina tun ina da sauran numfashin faɗa. Kishi kam na yi shi, na yi mai yawa, kuma ban ga abin neman gafarar kowa a ciki ba. Amma masu ba ku labarin ba su san me nake kishi a kai ba, ba su kuma san tun yaushe abin yake cina ba.

Yayanku, wanda kuke ce wa Babba, shi ne ɗana na fari. Ku da aka haifa a nan ba za ku gane nauyin wannan magana ba. A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake yi sai ta kau da kai ta bari wata ta ɗauka. Haka na ga uwata ta yi, haka ni ma na yi, kuma ba a taɓa samun wadda ta fi ni iya wannan kunya ba. Ina yaye shi sai ga Yaya Rabi, yayar mahaifinku, wadda kuke kira Gwaggo, ta zo ganin gida daga Riyad. Allah bai ba ta haihuwa ba. A tsakar gida ta sunkuya ta goya shi, ta ce ita kam ta samu ɗa. Mata suka zubo mini ido su ga ko zan ba da kaina. Ina tankaɗe a lokacin, na ci gaba da tankaɗena, har da 'yar waƙa. Aka yi ta yabona a garin nan, wai Hajo mace ce. Ba wanda ya san garin tuwon ranar sai da na sake tankaɗe shi, don ya jiƙe.

Sai bayan shekaru mahaifinku ya samu aikin tuƙi a nan, ya yi mana igama, wato takardar izinin zama, muka biyo shi. Na tarar da yaro ya yi tsawo, gashin baki ya fara tsiro masa. Ya durƙusa a gabana da ladabi irin wanda ake yi wa baƙuwa.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

Hajiya! A lokacin ko Ka'aba ban taɓa gani ba. Ita kuwa Yaya Rabi "Umma" yake ce mata. Gida ɗaya muka zauna, mu a ƙasa, su a sama. Da yamma sai in ji su suna hira da Larabci, tana faɗa yana dariya, yana faɗa tana dariya, ni ina ƙasa ina yanka albasa ban san abin da ake wa dariya ba. In ya yi zazzaɓi ita ke kwana a kansa, ni sai dai in dama kunu in aika. Albashinsa na farko ita ya kai wa ta sa albarka. Matar da ya aura ita ta zaɓa. Ban taɓa cewa uffan ba. Amma na san ƙarar takunsa a kan matakala, na san lokacin da yake wuce ƙofata ya hau sama, kuma kullum sai na tsaya da abin da nake yi har takun ya ɓace.

Ga shi kuma Allah ya ba ni murya. Wannan ba sai na yi muku rantsuwa ba. Daga Manfuha har Al-Sulay ba a yin suna ko biki na Hausawa ba a aiko mini da mota ba. In na saki guɗa a saman bene, masu kantunan layin sai sun leƙo waje. In na zauna tatsuniya, har yaran da ba su jin Hausa sosai sukan yi tsit. Na kira sunayen amare da angwaye da jarirai da ba zan iya tunawa ba, na yi musu kirari har iyayensu suka yi hawaye. Suna ɗaya ne tak a duniyar nan muryata ba ta da izinin fitarwa.

Shekarar da nake so ku sani ita ce wadda ta biyo bayan rasuwar mahaifinku. Labarin gida ya ɓaci. Ɓarayin daji sun fara shigowa ƙauyukanmu a kan babura, su kora shanu, su ɗauki mutane a gona. Kowace Juma'a mazan garinmu da ke nan, direbobi da magina da masu gadi, sukan taru wurin Alhaji Sale, shugaban ƙungiyarsu, a yi ta jimami. Rannan Alhaji Sale yana yawo a kasuwar tsofaffin ƙarafa a Al-Sulay sai ya ci karo da wani abu cikin tarkacen wani kamfanin gadi da ya rushe. Faffaɗa ne kamar babban tire, launin toka, a kan ƙafafu uku. Mai sayarwa ya ce masa lasifika ce, amma ba irin wadda ya sani ba. Wannan jefa murya take yi kamar yadda tocila ke jefa haske, miƙe, har inda ido ba ya gane mutum. Alhaji Sale ya ga an gama magana. A kafa ta a kan dutsen bayan gari, mai tsaro yana hango ƙurar babura ya yi kira, na gona su gudo gida. Aka haɗa hannu aka saya.

Yadda muke aika kaya gida kun sani. A haɗa kwantena ɗaya, kowa ya zuba nasa, darduma, barguna, dabino, tsohon firji, a ce kayan gida ne a wuce. To Babba yana aiki ne a wani kamfanin fitar da kaya a Al-Sulay, kuma aikinsa shi ne tantance kowane kaya kafin ya bar ƙasa, ya faɗi ko wane iri ne, ya sa hannu. Mutanenmu suka ga ai tuwo ya zo har baki. Yaronmu ne, zai rubuta lasifikar masallaci, shi ke nan. Ya je ya duba abin, ya juya shi, ya karanta ɗan ƙarfen da ke manne a bayansa, ya ce ba zai rubuta ba.

Sai suka ce a je wurin uwarsa.

'Yar'uwarku Asma'u ce ta kawo mini labarin cewa manya na tafe gidanmu bayan la'asar. Na share falo, na sa turaren wuta, na dafa shayi da na'ana'a, na ɗaura ɗankwalina mai ruwan zinare. Na ji tsayuwar motoci. Na ji sallamarsu a ƙofar gida. Na gyara zama. Sai na ji takalma, ɗaya bayan ɗaya, sun wuce ƙofata sun hau sama. Ko leƙowa ba wanda ya yi. Shayin nan a buta ya huce, ban bari kowa ya sha ba, da kaina na zubar da shi a makwarara.

Washegari da Babba ya shigo gaishe ni kamar kullum, ya durƙusa nesa da ni. Ni ba na yi masa magana kai tsaye, sai ta bakin wani. Na dubi Asma'u.

"Tambayi yayanki, me ya haɗa shi da manyan gari har suke hawa bene suna haki?"

"Ai yana jin ki, Inna."

"Na ce ki tambaye shi."

Ya yi murmushi, kansa a ƙasa, ya fara bayani da Hausar nan tasa mai ɗingishi.

"Hajiya, kaya iri uku ne a wurinmu. Akwai wanda zai fita ba tambaya, kamar bargo. Akwai mai fuska biyu, farar hula na amfani da shi, soja ma na amfani da shi, wannan sai an bincika an nemi izini. Akwai kuma wanda don soja aka ƙera shi tun farko. Abin nan na Alhaji ba lasifika ba ne kawai. A jiragen ruwan yaƙi ake kafa irinsa, da wurin tarwatsa taro. Yana magana, gaskiya ne, amma yana da wata ƙara da ake harba wa mutum ya kasa tsayuwa. Irinsa ba ya tsallaka iyaka sai hukuma ta yarda, ƙasar da ta ƙera shi ma sai ta yarda, kuma sai an san hannun da zai ƙare a ciki."

"Gaya masa ai mutanen kirki ne za su riƙe," na ce wa Asma'u.

"Ba a tambayar me mai shi yake niyya, Hajiya. Ana tambayar me abin zai iya yi. In ɓarayin suka hau dutsen suka ƙwace fa?"

"Tambaye shi in ya rubuta abin da suke so, aka gane, me zai faru."



"Kurkuku. In na fito a kore ni daga ƙasar. Kayan kowa da ke kwantenar kuma a riƙe."

A kore shi zuwa ina? Yaron da bai san hanyar gonar ubansa ba, wanda in ya yi Hausa yaran garinmu za su bi shi suna dariya? Na tambaya ta bakin Asma'u me Ummarsa ta ce. Ya ce ta ce zai yi. Da ya faɗi haka na ga yadda kafaɗunsa suka sauka, na san zai yi ɗin. Bai taɓa tsallake maganarta ba tun ranar da ta goya shi.

Lokacin sanyi ne, lokacin da mutanen Riyad ke fita sahara shan iska. Alhaji Sale ya shirya fita ranar Juma'a, maza da mata da yara, aka yanka rago, aka ɗora shinkafa. Manufarsa a gwada abin a gaban kowa, yadda Babba ba zai iya kallon idon jama'a ya ce a'a ba. Aka kafa shi a kan tudun yashi aka jona da batirin mota. Aka ce Babba ya taka can nesa, ya tsaya wurin wata 'yar bishiya, a ga ko zai ji. Ya tafi har ya zama kamar ɗan tsinke a idona. Sai Alhaji Sale ya ɗaga abin maganar ya juyo wajen tabarmar mata.

"A samu uwa ta buɗe mana da bakinta mai albarka."

Wallahi har na fara tattara zanena. In maganar murya ce, wa ke nan? Ya wuce ni kamar an ajiye tulu, ya miƙa wa Yaya Rabi, matar da in ta yi sallama a ƙofa sai ta maimaita kafin a ji. Ta karɓa da hannu biyu tana fara'a. Ta kira sunan yaron. Cikakke, har da ja masa wasali, ta ƙara da "ɗana". Sunan nan ya fita daga ƙarfen ya miƙe cikin sahara kamar an shimfiɗa masa titi. Sunan da ni na ji an raɗa masa a kunne ina kwance da ciwon haihuwa, ga shi an ba wata ƙarfe tana cika duniya da shi. Can nesa ya ɗaga hannu. Jama'a suka ɗau tafi da kabbara. Wata ta taɓo ni.

"Hajo, guɗa mana!"

"Maƙogwarona na ciwo," na ce.

Babba yana kan hanyar dawowa, ya kusa, sai wani direba mai ƙaiƙayin hannu ya ce bari ya ƙara murya, ya danna abin da bai sani ba. Ban san da me zan kwatanta muku ƙarar nan ba. Ba a kunne na ji ta ba, a haƙora na ji ta, da cikin ƙashin kai. Alhaji Sale da ya zagaya gaba yana nuna wa mutane ya zube a kan gwiwoyinsa ya toshe kunne, hularsa ta gangara. Yara suka fashe da kuka. Babba ne ya sheƙo da gudu ya fizge wayar batirin. Na ɗauka magana ta ƙare, kowa ya gani da idonsa. Ina! Alhaji Sale ya miƙe yana kaɗe yashi, yana magana da ƙarfi don ba ya jin kansa.

"Kun gani? Kun gani? Wannan in ɓarawo ya ji ai ko babur ɗinsa ba zai tsaya ɗauka ba!"

Maza suka ce ƙwarai kuwa. Abin da ya kamata ya tsorata su shi ya ƙara musu kwaɗayi. Suka kewaye Babba, wannan ya ce an ɗauke ƙanensa, wancan ya ce matarsa ba ta barci. Kuma gaskiya suke faɗa, ban taɓa cewa ƙarya suke ba. Sannan suka buɗa wa Yaya Rabi hanya. Ta tako a hankali ta tsaya a gabansa.

"Ka ji kukan mutanenka. In dai bayan nan nawa ne ya goya ka, gobe ka sa musu hannu."

Ya sunkuyar da kai. Na ga leɓensa ya fara motsi, na san kalmar da ke tafe, "to, Umma" ce, na sha jin ta ta saman silin. A nan ne zan gaya muku gaskiyar da masu gulma ba su kai gare ta ba. Ban tashi don na fi kowa fahimtar dokar kaya ba. Abin da na gani shi ne, matar nan ta ɗauke shi sau ɗaya ina kallo ina waƙa, yanzu kuma za ta miƙa shi ga kurkuku da bakinta, ni kuma ana jira in sake yin shiru a yabe ni. Ta sha goyonsa, ta sha dariyarsa, ta sha albashinsa, har da ranar halakarsa ma ita za ta yanke? Na miƙe tsaye a kan tabarma. Ban nemi ƙarfen kowa ba.

"Hamza!"

Ya juyo gaba ɗaya, kamar an fizge shi da igiya. Mata suka rufe baki da mayafi. Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi. Cokalin da ke juya shinkafa ma ya tsaya. Na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka yanke masa cibiya.

"Kada ka rubuta abin da ba shi ba ne. Ni na ce."

Yaya Rabi ta juyo tana dubana sama da ƙasa.

"Hajo, yau kuma? Kunyar ta ƙare ke nan?"

"Ta ƙare, Yaya. Na ba ki shi ki goya, ban ba ki shi ki kai gidan yari ba."

"Da tsufanki, a gaban maza, kike kiran ɗan fari kamar mai kiran akuya?"

"Da tsufana. In an ɗaure shi ke za ki yi kuka a fili a yi miki jaje. Ni a ina zan yi nawa?"

Alhaji Sale ya ce a yi wa Hajiya magana, shaiɗan ne. Ban ko kalle shi ba. Yaron ya daɗe a tsaye tsakaninmu. Sannan ya durƙusa a gaban Yaya Rabi ya kama gefen abayarta, ya yi mata magana da Larabci a hankali. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga ta fizge abayarta ta nufi mota. Ragon nan kusan rabinsa aka dawo da shi.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku. Babba ya sanar da hukuma ta hanyar wurin aikinsa, aka zo aka ɗauke abin, Alhaji Sale ya sha tambayoyi kafin a sallame shi. Daga ranar mota ba ta sake tsayawa a ƙofata don biki ba. Aka samo wata 'yar Maraɗi mai murya kamar ta kaza aka ce ita ce mai guɗa. In na shiga taron mata sai hira ta mutu. Da damina ta faɗi kuma ɓarayi suka shiga garinmu da rana tsaka, suka kora shanu, suka tafi da mutane, cikinsu har da ɗan ƙanena, wanda bai dawo ba. Ƙanena bai sake ɗaukar wayata ba har ya mutu. Ana cewa da abin nan yana kan dutse da an tsira. Wataƙila da an tsira. Wataƙila kuma da yanzu yana hannun ɓarayin suna durƙusar da mutanenmu da shi. Ban sani ba, su ma masu faɗar ba su sani ba. Abin da na sani shi ne ɗana yana kwana a ɗakinsa.

Kada ku ɗauka wai daga nan ya dawo nawa. Shi da kansa ya sayi lasifikoki na gaskiya, irin na masallaci, manya, ya rubuta su da sunansu na gaskiya ya aika gida. Da sunan wa ya aika? Da sunan Ummarsa, don ta huce. Har yau in an kira salla a garinmu cewa ake lasifikar Hajiya Rabi ta yi kira. Ni da na rasa bukukuwana da ƙanena a kan maganar, ko a jikin waya ba a rubuta sunana ba. Takunsa ya ci gaba da wuce ƙofata yana hawa sama, sai ma abin da ya ƙaru, don yana lallashi.

Mun yi kusan shekara ba ma magana da Yaya Rabi sai gaisuwa a matakala. Da ciwonta na ƙarshe ya kwantar da ita, ni na riƙa hawa ina yi mata wanka, don ba zan bari a ce yayar mijina ta rasa mai juya ta ina raye ba. Rannan ina shafa mata mai a ƙafa, ta buɗe ido ta daɗe tana kallona.

"Hajo."

"Na'am, Yaya."

"Tun ranar da na goya shi nake kiran sunan nan, safe da yamma. Sai ya ce na'am, ya gama abin da yake yi, sannan ya zo." Ta numfasa. "Bai taɓa juyo mini yadda ya juyo miki ba."

Na ci gaba da shafa mai. Ashe duk shekarun nan da nake ƙasa ina sauraren dariyarsu, ita ma tana sama tana tsoron ranar da zan buɗe baki.

Ta rasu a hannunsa, ba a nawa ba. Har yau in ya ambace ta cewa yake Umma, idonsa ya kawo ruwa, ni kuma ina nan a Hajiyata. Kuma har yau in na ji haka sai in ji ina kishin matar da ke kabari, ban kuma ji kunyar gaya muku ba. Sunan kuwa ban sake kiransa ba tun ranar saharar nan, na koma aika Asma'u. Wannan da kuka gani a rubuce ma sai da na sa aka rufe ƙofa kafin in faɗa. Sau ɗaya na gwada shi a rayuwata, kuma na ga yadda ya juyo.